Kada ka jira Agusta: amsa kan ɗaukar hoto daga ƙarshen bazara zuwa faɗuwar damina

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da yamma, ya muka ji da zafi? Allah ya saukar mana da damina lafiya. Wannan amsa ce ga ƙanenmu da ya yi tambaya jiya da daddare. Na ga an ɗan taɓa masa a gurguje, ni kuma idan na ce zan rubuta zai yi tsawo, shi ya sa na ce bari in yi magana. Abin da ya tambaya shi ne, yana sha'awar ɗaukar hoton tsuntsaye da furanni da namun daji, amma waya kaɗai gare shi, kuma duk inda ya duba a bushe yake. Ya jira Agusta gari ya yi kore ne, ko ya tara kuɗi ya tafi Yankari?

To ƙanena, kada ka jira Agusta. A Agusta komai ya riga ya gama canzawa, hatsi ya rufe gona, ciyawa ta kai ƙugu, tsuntsu yana kuka a gabanka amma ba ka ganinsa saboda duhun ganye. Makonnin nan da muke ciki, daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Yuni, su ne lokacin da ƙasarmu take juyawa, kuma juyawar ita ce abin ɗauka. Idan ta wuce ka sai baɗi.

Ga abin da nake so ka yi, kuma ba zai ci maka ko sisi ba. Ka zaɓi wuri guda kusa da gida, wanda za ka iya zuwa da ƙafa. Ko gindin kuka ne a bayan gari, ko bakin kududdufi, ko gefen gonar gidanku. Ka sa alama a inda ka tsaya, dutse ko kututture, sannan duk mako ka koma nan ɗin, ka fuskanci inda ka fuskanta, a lokaci iri ɗaya, ka ɗauka. Hoton farko zai ba ka haushi, jar ƙasa ce da karmami da rassa tsirara. Ka ajiye shi. Sai an yi ruwan shuka ka jera su za ka gane darajarsa.

Idan Allah ya sa a wurin akwai kuka da gawo kusa da juna, wallahi ka dace. Kuka tana tsaye ba ganye duk rani, ruwa na gabatowa sai ta fara toho. Shi kuwa gawo akasin haka yake yi, duk rani yana da ganye dabbobi na hutawa a inuwarsa, damina na sauka sai ya kaɗe. Shi ya sa manomi ba ya sare shi a gona, ba ya tare wa gero rana, ganyen da ya zubar kuma taki ne. Ka ga a hoto ɗaya wannan na sa riga wancan na tuɓewa. Mu da muka tashi muna gani ba ma ɗaukarsa bakin komai, amma ka nuna wa wanda bai san ƙasar nan ba ka ga yadda zai tsaya.

Furen kuka kuma, ina roƙonka kada ya wuce ka. Fari ne babba, yana reto a ƙarshen dogon sili, kansa ƙasa. Da yamma liƙis yake buɗewa, dab da magariba, da dare jemagu su zo su sha ruwansa su kai barbarinsa wata bishiyar, kashegari da rana ya fara yin ruwan ƙasa, ya yanƙwane ya faɗo. Don haka lokacinka biyu ne, ko kafin kiran sallar magariba, ko da sassafe bayan asuba. Ka shiga ƙarƙashinsa ka ɗaga wayar sama, za ka ga tarin siraran zare a tsakiyarsa, kowane da ɗan kai a ƙarshe. Ƙamshinsa dai ba daɗi, ba don mu aka yi shi ba.

Kuma wanda ya ce babu fure yanzu bai ɗaga kai ba ne. Marga tana zuba furenta rawaya yana lilo tun kafin ruwa. Bishiyar nan mai jan fure da aka shuka a tsofaffin makarantu da unguwannin ma'aikata a Kano da Zariya da Kaduna, wadda asalinta daga Madagaska ne, yanzu take ja wur. Ɗorawa ta gama fure, 'ya'yanta ne ke nuna. Bayan ruwan fari kuma ka leƙa fadama, albasar kwaɗi za ta ɓullo da farin fure mai ratsin ja, kwanaki kaɗan take yi.

Yanzu tsuntsaye. Babbar baƙuwarmu a wannan lokaci ita ce shamuwa. Kowa ya san idan ta sauka ruwa ya kusa, amma ba kowa ya san daga inda take ba. Idan damina ta ƙare a nan, kudu take yi, ta tsallake tsakiyar Afirka har ƙasashe irin su Zambiya da Zimbabuwe da Afirka ta Kudu, ta ci daminar can, sannan ta dawo mana ta yi sheƙa ta ƙyanƙyashe. Wato a nan take haihuwa, 'yar gida ce. Kuma don ka da waya kaɗai, babu tsuntsun da ya fi ta sauƙi, domin a cikin gari take sheƙa, kan tsamiya ko kuka ko rimi, har a ƙofar gidan mai gari, tunda iyayenmu ba su yarda a taɓa ta ba.

Daga nesa baƙa ce mai farin ciki, shi ke nan. Amma ka samu ta sauko gona tana kiwon fara da tsutsa, ka zauna ka bar ta ta matso da kanta. Za ka ga fatar fuskarta shuɗiya ce a lokacin nan na aure, da ɗan ja a gaban ido. Gwiwoyinta da yatsunta ja-ja ne, sauran ƙafar toka-toka. Baƙin bayanta ma idan ranar safe ta doke shi sai ka ga yana walƙiyar kore da shunayya. Na daɗe ina kallon tsuntsuwar nan, har yau idan na ga ta farko a shekara sai na ji daɗi a raina. Ka ɗauke ta da kara a baki tana kai wa sheƙa, wannan ya fi hoton da take tsaye kawai.

Sai dai a nan zan ja kunne, kuma ba ƙanenmu kaɗai ba, duk group ɗin nan. Kada wanda ya hau bishiya don ya leƙa sheƙa, kada kuma a ba yara kuɗi su hau. Uwa idan ta tashi daga kan ƙwai a wannan rana mai wuce digiri 40, ƙwan ba ya jimawa yake lalacewa, ga hankaka da shirwa suna jira. Na sha ganin hoton ɗan tsako a tafin hannu ana ta yabawa, ni raina ɓaci yake. Idan tsuntsu ya daina abin da yake yi ya zuba maka ido, ka matso da yawa, ja baya. Mun ga yadda ungulu ta yi ƙaranci a mahautanmu, gauraka kuwa yaran yanzu da yawa ba su taɓa ganinta a daji ba. Kada mu masu kyamara mu ƙara wa abin da ya rage wahala.

Ƙananan tsuntsaye fa, waya ba ta kamo su daga nesa, kuma kada ka yi ta jawo hoton da yatsa, dusashewa kawai zai yi. Dabarar ita ce su su zo wurinka. Yanzu ƙishirwa ke damun kowa. Ka samu kasko mara zurfi, ka zuba ruwa, ka sa ɗan dutse a ciki inda za su tsaya, ka ajiye a inuwa kusa da reshe, inda kyanwa ba za ta yi musu kwanto ba. Kwana kaɗan za su saba. Baiwar Allah za ta zo, kurciya da hasbiya za su zo, kabare ma zai zo, namijin ya fara yin rawaya kansa ya yi baƙi. Sai ka jingina wayar da bulo, taku ɗaya daga kaskon, daidai tsayin ruwan, ka kunna bidiyo ka koma ɗaki. Daga baya ka tsayar da bidiyon ka ciro hoton da kake so. Ruwan dai a riƙa canzawa kullum saboda sauro. Kuma idan ka fara kada ka daina sai ruwan sama ya zauna, don sun riga sun dogara da kai.

Maganar haske. Rana tana fitowa wajen ƙarfe 6 a wannan wata, daga nan zuwa 8 shi ne lokacinka, sai kuma bayan la'asar sakaliya. Tsakar rana ka huta, hoto fari fat zai fito, wayar ma zafi za ta ɗauka. Ka sa rana a bayanka. Idan farin abu ne kamar belbela, ka taɓa jikinta a fuskar wayar, ka ja hasken ƙasa kaɗan, in ba haka ba gashin ba zai fito ba, ga shi yanzu ne kanta da ƙirjinta ke yin ruwan goro. Ka durƙusa ka daidaita da idon abin da kake ɗauka, ko ƙadangare ne. Jan gwada ma yanzu kansa ya fi ja, yana kan katanga yana ta gyaɗa kai, da shi za ka koyi hannu. Wanda ke da babbar kyamara kuma, tsuntsu a sama yana son saurin ɗauka (shutter) na 1/1000 na daƙiƙa ko fiye.

Hasken da na fi so duk shekara shi ne na hadarin yamma. Ka lura hadarinmu daga gabas yake tasowa, rana kuma tana yamma. To akwai 'yan mintuna da gabas za ta yi baƙi ƙirin, rana kuma tana haska bishiyoyi da katangun ƙasa daga bayanka. Ka ɗauka da sauri, domin iskar da ke gaba da ruwan ƙura ce zalla. Ka riƙe leda a aljihu don wayar. Da ka ji tsawa ka bar fili, kada ka fake a gindin bishiya.

Washegarin ruwan fari kada ka yi barcin safe. Ƙura ta kwanta, sama ta wanke. Shinge sun fito daga suri, tsuntsaye sun taru a kansu, kwaɗi sun cika kududdufi, jan ƙwaron nan mai laushin karammiski yana tafiya a kan damshin ƙasa. Amma ka sa takalmi rufaffe, macizai ma lokacinsu ne, kububuwa ba ta da girma amma mutanen Kaltungo sun san aikinta. Kada ka zura hannu a rami ko ƙarƙashin dutse.

Yankari kuwa, idan da hali ka je, kuma ƙarshen rani ne ya fi, lokacin da dabbobi ke taruwa a bakin kogin Gaji. Ruwa na sauka suke watsewa cikin daji. Amma da waya, giwa ko gwanki daga nesa ɗigo za su fito, gogo ne kaɗai zai zo har inda kake. Dausayin Haɗeja da Nguru kuma, baƙin tsuntsayen Turai sun riga sun koma tun Maris da Afrilu, wannan tafiyar ka bar ta sai sanyi.

Abu na ƙarshe, halin da ake ciki. Baƙo da kyamara a bakin daji yanzu ana iya yi masa wata fassara. Ka fara gaida mai unguwa, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka nuna wa mutane hotunan. Kada ka ɗauki matan mutane a bakin rijiya, kada ka ɗaga waya kusa da shingen jami'an tsaro, kada ka taka wa manomi binne ko shuka. Dajin da aka ce ba lafiya kada ka shiga, ko me aka ce maka akwai a ciki.

Duk hoton da za ka turo mana, ka rubuta kwanan wata da sunan gari, da sunan abin da Hausa yadda dattawan wurin suke kiransa. Idan kana son sanin sunansa na kimiyya akwai manhajar iNaturalist da Merlin, kyauta ne. Ni kuma ina roƙon kowa a nan, na Katsina da na Maraɗi da na Damagaram da na Bauchi, ya faɗa mana ranar da ya fara ganin shamuwa a garinsu bana da ranar ruwan fari, mu haɗa mu gani. Ƙanena, ka fara da asubar gobe, ka turo na farkon ko da a bushe yake. Na ji ana kiran salla, sai an jima, a gaida mutan gida.