Kiɗan da ba a rawa da shi, ta ina kuɗinsa ke shigowa?

Wani ɗan'uwa mai ƙaramin situdiyo ya rubuto mana cewa, bayan aikin waƙoƙin biki da na talla, yana haɗa wani kiɗan kwamfuta mai sanyi, ba ganga ba murya, irin wanda in ka lumshe ido sai ka ji kamar kana shawagi a sararin samaniya. Turawa na ce masa ambiyent, sunan da ya bazu bayan faifan Brian Eno na 1978. Yana tambaya ko ya zuba masa jari.

Malam, ka zuba, amma kada ka ɗora lissafinka a kan Spotify. Tun 2024, kiɗan da ba a saurara sau 1,000 cikin wata 12 ba, ko kwabo ba ya kawowa. Sannan sai mai sauraro ya kai daƙiƙa 30 ake ƙirga masa, kuma a nan masu irin kiɗanka ke yin asara: sukan buɗe da shiru mai tsawo, kafin sauti ya taso mutum ya wuce. Kiɗan minti 20 da na minti huɗu duk sauraro ɗaya ne, don haka ka yanka dogon zuwa gida-gida. Cikakkensa kuwa ka kai shi YouTube, inda tsawo ke da amfani, tunda rabon kuɗin talla yana buƙatar mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara.

A ganinmu cinikin da ya fi kusa da kai shi ne bayar da haya. Masu shirya fim, masu shirin gaskiya da masu bidiyon ƙungiyoyi kullum suna neman kiɗan da zai kwanta ƙarƙashin magana ba tare da ya danne ta ba. Ka tsayar da farashi biyu: na wanda zai yi amfani da shi kai ma ka ci gaba da bai wa wasu, da na wanda ke son ya zama nasa shi kaɗai, wanda dole ya fi tsada nesa ba kusa ba. A rubuta a takarda: wane aiki, a ina za a nuna, har tsawon yaushe.

Ga inda rigima ke tasowa. In ka kunna Content ID, wato tsarin YouTube na gano bidiyon da aka sa kiɗan wani a ciki, ta hannun kamfanin da ke raba maka kiɗa, YouTube zai kama bidiyon mutumin da ya biya ka, ya dawo yana ƙorafi. Kiɗan haya kada ka yi masa rajistar Content ID. Haka wanda ka gina da sautukan da kowa ke iya saukewa, bai cancanci rajistar ba.

Bandcamp, shafin da masu kiɗa ke sayar da aikinsu kai tsaye ga masu sauraro, na cire kashi 15 cikin ɗari na cinikin kiɗan da ake saukewa, ya koma 10 bayan ka sayar da na dala 5,000. Kafin ka ɗora komai, tabbatar hanyar da suke biya tana isowa asusunka.

Jarin farko kuma ka sa shi a wuta mai tsabta. Kiɗan nan siriri ne, gurnanin lantarki na 50 Hz da ganga ke rufewa a waƙar biki, a nan fili yake fitowa. Ka yi ɗauka da batir, janareta a kashe, sannan ka gwada a lasifikar waya, domin sautin ƙasa-ƙasa ɓacewa yake a can. Masu sharhin kiɗa kuwa ka tura musu shi makonni kafin fitarwa, da layi biyu kan yanayin da kiɗan ke zanawa da kayan da ka haɗa shi da su.