Tambaya da Amsa: Ƙashin baya zai iya faɗin shekarun mamaci?

Tambaya: Assalamu alaikum. Idan aka tsinci ƙasusuwan mutum, babu takarda, babu wanda ya san shi, shin ƙashin bayansa kaɗai zai nuna shekarunsa lokacin da ya rasu? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, malam. Yana nunawa, amma ya fi faɗin gaskiya a kan yaro da matashi.

Yawancin gaɓoɓin bayan jariri gida uku suke. Kafin yaro ya wuce shekara 6 sun haɗe sun zama ɗaya. Da balaga kuma sai wani siririn zoben ƙashi ya fito a saman kowace gaɓa da ƙasanta, ya manne sarai wajen shekara 25. In ka juya gaɓar ka ga fuskarta da kunya-kunya kamar gona, zoben bai kama ba, matashi ne. A duba kuma ƙashin nan mai gaɓa 5 da ke tsakiyar ƙugu: in da sauran tsaga tsakanin ta farko da ta biyu, galibi mai shi bai kai 30 ba.

Daga nan lissafi ke yin wuya. Faifan guringuntsin da ke tsakanin gaɓoɓi yana bushewa, gefen ƙashi ya fara toho kamar leɓe. A 1958 wani masanin ƙasusuwan ɗan Adam ɗan Amurka, T. Dale Stewart, ya jera wannan toho daga 0, wato babu, zuwa 4, inda gaɓa ta kusa kama 'yar'uwarta ko ta kama. Ana ba kowace maki, a fitar da matsakaici na wuya mai gaɓa 7, na ƙirji mai 12, da na ƙasan baya mai 5.

Sai dai toho ba shekaru kaɗai ke kawo shi ba. Matar da ta taso tana ɗaukar tulu da itace a ka, wuyanta kan riga ta tsufa. Akwai kuma cutar da ke sa ƙashi ya malalo ta gefen dama kamar narkakken kyandir, ya haɗe gaɓa 4 ko fiye, an fi ganinta ga masu ƙiba da ciwon suga. Tarin fukan ƙashi kuwa cinye gaɓar yake yi. Irin waɗannan gaɓoɓi cire su ake yi daga lissafi.

Shi ya sa ƙwararre ba zai ce shekara 47 ba. Zai ce tsakanin 40 da 60, sannan ya gwada da mahaɗar gaban ƙugu da bakin haƙarƙari na huɗu don ya rage tazarar.