Tsohon teburin sunuka ko sabo?

Tambaya: Malam, zan buɗe wurin buga sunuka a unguwarmu. An yi mini tallar tsohon tebur mai nauyin tsiya, ga kuma sabo mai sauƙin kuɗi. Wanne zan ɗauka? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, ai nauyin nan shi ne kuɗin. Leƙa ƙarƙashin tsohon ka ƙwanƙwasa. In ka ji dutse, to falalen dutse ne da aka goge sumul, yawanci gida uku zuwa biyar, kaurinsa inci 1 ko fiye, an ɗora shi kan katako mai ƙwari. Tun ƙarni na 19 Ingila ke yin haka, don dutse ba ya lanƙwasa.

Sababbi masu araha kuwa, garin katako ne aka matse da gam. Damina ɗaya ta isa ya kumbura, ka ga ƙwallo na gangarawa gefe ita kaɗai, yara na ta rigima.

Sai dai robar gefen tsohon tana bushewa. Danna ta da yatsa. In ta yi tauri, ka nemi ragi, ka sauya ta tare da ƙyallen da aka shimfiɗa a saman teburin. Ni dai tsohon zan saya.