Hukuncin shan jiƙon neman haihuwa da aka haɗa da barasa

Tambaya: Malam, na daɗe da aure ban samu rabo ba. Wata mai magani a nan Katsina ta ba ni jiƙon saiwoyi, amma da na buɗe kwalbar sai na ji warin giya. Ta ce ogogoro ne kaɗan don ya fito da ƙarfin itacen. Ya halatta in sha?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah Ya ba ki zuri'a ɗayyiba. Wannan jiƙo bai halatta ba. Allah Ya ce mu nisanci giya a Suratul Ma'ida, aya ta 90. Kuma Muslim ya ruwaito cewa Ɗariƙ ɗan Suwaid ya ce wa Annabi (SAW) yana haɗa ta ne don magani, sai Annabi ya amsa masa cewa ita ba magani ba ce, cuta ce. Malamanmu na Malikiyya ma a kan haka suke. Sheikh Khalil, mai littafin Mukhtasar na fiƙihun Malikiyya, ya yi rangwame ga wanda aka tilasta wa, da wanda loma ta shaƙe shi babu ruwa kusa, amma ya hana yin magani da ita. Batun "kaɗan ne" kuwa, hadisi ya riga ya rufe ƙofarsa: abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗansa ma haramun ne.

Abin da ya fi damuna shi ne, tun da jiharmu ta kama shari'a a shekarar 2000 giya ta bar fili, sai ta sake riga ta shigo ɗakunan matan aure da sunan tsimi da maganin sanyi. Matar da ko ƙofar mashaya ba ta taɓa gani ba, ga ta tana kurɓa safe da yamma.

Likitoci sun tabbatar barasa na rikita jinin al'ada. Idan ciki ya shiga, tana ratsa mabiyiya ta isa ga ɗan tayi, ta jawo ɓari ko ta taɓa ƙwaƙwalwarsa har ƙarshen rayuwa, kuma ba a san wani adadi da ke da aminci ga mai ciki ba. Sau da yawa mace kan yi makonni da ciki ba ta sani ba, tana nan tana shan jiƙon.

Ki zubar da shi. In kin riga kin sha cikin rashin sani, babu laifi a kanki. Ku je asibitin Turai 'Yar'aduwa ke da maigidanki, a duba ku duka biyu, domin matsalar kan fito daga wajen namiji ma. Wallahu a'alam.