Tsohuwar laftof za ta iya riƙe mini hotunan iyali?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sana'ar albasa a kasuwar Mile 12. Google ya ce wurin ajiyata ya cika, sai na biya. Hotunan iyalina da takardun filina duk suna can, kuma hankalina bai kwanta da barin su a hannun kamfani ba. Yarona ya ce ana iya kafa sabar a gida. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Yaronka ya yi gaskiya. Sabar kwamfuta ce kawai da ake bari a kunne dare da rana, wayoyin gida suna tura mata ajiya. Gigabait 15 ɗin da Google ke bayarwa kyauta, Gmail da Drive da Photos ne ke rabon sa, kuma tun 1 ga Yunin 2021 sababbin hotuna suka shiga lissafin.

Wasu za su ce ka sayi Raspberry Pi, wata 'yar ƙaramar kwamfuta. Na'ura ce mai kyau, amma a Legas na fi son tsohuwar laftof, saboda batirinta. In aka ɗauke wuta tana cikin rubuta bayani, batirin zai riƙe ta har a tada janareta. In ka je Computer Village a Ikeja, ka sa mai shagon ya zare caja a gabanka, ka zauna ka ga yadda batirin ke sauka. Kada ka yi sauri a nan. A ɗora mata Ubuntu, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, da Nextcloud, manhajar da ke karɓar ajiya daga waya, duka kyauta ne, a saita ta kada ta yi barci in an rufe murfi. Sai ka sa manhajar Nextcloud a waya, hotuna su riƙa tafiya da kansu.

Don ka iske ta daga kasuwa, a sa Tailscale, manhajar da ke haɗa na'urorinka ta hanyar sirri, a laftof ɗin da wayarka. Kada kowa ya buɗe mata ƙofa kai tsaye ta rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida, domin akwai masu laluben irin waɗannan ƙofofi ba dare ba rana.

Abin da ya fi damuna shi ne faifan ajiya. Yana mutuwa ba sallama. Nawa ya taɓa yin ƙas-ƙas wata safiya da damina, hotunan sunan ɗiyata suka tafi, har yau abin yana yi mini ciwo. Yanzu kai ne mai gadi, Alhaji, ba wanda zai mayar maka. Ka sayi faifai na biyu, ka kwafe komai duk ranar Juma'a, a kulle shi da kalmar sirri, ka ajiye a gidan ɗan'uwa. Laftof ɗin kuma a ɗora ta kan kantar ajiye kaya inda iska ke shiga, nesa da ƙasa saboda ambaliya, a sabunta manhajojinta duk wata.

Hirarrakinka na WhatsApp kuwa, in Android gare ka, Google Drive za su ci gaba da zuwa. Ka shiga saitin ajiyar hira ka kunna kullewa da kalmar sirri, ka rubuta ta a takarda ka adana.