Amsa ga mai tambaya kan insulin da inshora a Amurka

Wallahi 'yar'uwa, ina karanta tambayarki sai da gabana ya faɗi. Kin ce inshora ta ƙi biyan insulin ɗin maigidanki, wato allurar ciwon suga, kina tambaya ko kiran ofishin ɗan majalisa na da amfani. Ni ma na ɗanɗani wannan baƙin cikin.

Ranar wata Juma'a da yamma ina tsaye a kantin magani, yarinyar ta juyo mini da fuskar kwamfuta, wai kamfanin inshora ya cire irin allurar Baban yara daga jerin magungunan da yake biya, sai likita ya nemi izini tukuna. Ofishin likita kuma an tashi sai Litinin. Allura ɗaya ta rage a firji, ita ma ta kusa ƙarewa. Na kira kamfanin, suka bar ni da kiɗa a kunne, can wata ta ɗauka tana karanto mini abin da aka rubuta mata, ko sannu babu. Ashe shi bawan Allah ya fara rage wa kansa allurar a ɓoye don ta kai shi Litinin. Har gobe ban yafe musu ba.

Ki kira, amma ki sani an riga mu zuwa. Kamfanonin magani na kashe sama da dala miliyan 300 duk shekara wajen kamun ƙafa a Washinton. Dokar 2003 ta hana Medicare, inshorar lafiyar gwamnati ta tsofaffi, yin cinikin farashin magani har zuwa 2022, kuma Billy Tauzin, ɗan majalisar da ya tsaya kai da fata ta wuce, a 2005 ya zama shugaban ƙungiyar kamfanonin, PhRMA. A 2022 aka ƙayyade insulin dala 35 a wata ga masu Medicare, amma da aka zo kan irinmu masu inshorar kamfani, ƙuri'a 57 aka samu a majalisar dattawa, ana neman 60.

Don Allah kada ki bari ya rage allura, ki riƙa duba ta da idonki, mazan nan ba sa faɗa. Ki ɗaukaka ƙara wajen kamfanin inshorar a rubuce, ki ce ta gaggawa ce, ki riƙe sunan duk wanda kika yi magana da shi. Kamfanonin insulin Eli Lilly da Novo Nordisk da Sanofi sun sanar da rage farashi a 2023, ki tambayi mai kantin katin rangwamensu. In azumi ya zo kuma, ya ga likita kafin ya ɗauka. Allah Ya ba shi lafiya.