Tanki na raguwa, ba a ga yoyon hita ba

Malam, ka ce tankinka na raguwa tun da aka haɗa hitar wanka, kuma ba ka ga danshi ba. A zafin Sakkwato ɗigo kan bushe nan take, farin tabo za ka nema.

Da dare ka kashe wutar hitar, ka rufe famfon da ke kai mata ruwa, ka yi wa tanki alama. In ruwa bai sauka ba da safe, matsalar tana ɓangaren ruwan zafi. Ni bawul ɗin rage matsi na fi zargi, wato wanda ke sakin ruwa in matsi ya yi yawa a cikin hitar. Ka buɗe ruwan, ka kunna hitar, ka ɗaura leda a bakin bututun bawul ɗin. In ɗigon ba ya tsayawa, a canza bawul, kada a toshe shi, hita na iya fashewa. In leda ta kwana a bushe, shafa bango ka nemi inda ya yi ɗumi.